Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya: tambayoyi da amsoshi kan tsofaffin ɗalibanta, masu ba ta gudummawa da baƙinta

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana matsayin ubanta na farko, Norman Alexander ɗan ƙasar Niyu Zilan kuma shugabanta. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975. Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa masu niyyar taimako, da malaman da ke son zuwa Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, aiki ko bincike.

Wa ake kira tsohon ɗalibin ABU? Sai mai digiri kaɗai?

A'a. Duk wanda ya kammala karatun da jami'ar ta ba shi takardar shaida a kansa, difloma ce ko digirin farko ko na biyu ko na uku, ɗanta ne. Atiku Abubakar difloma ya yi a fannin shari'a a Kongo, harabar jami'ar ta biyu a Zariya, ya gama a 1969, kuma ba wanda ke cire shi daga lissafi. Haka waɗanda suka gama a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977, takardar ABU ce a hannunsu.

Akwai kuma rukunin da suka riga jami'ar kanta, wato ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya da ke Zariya, wadda ABU ta gaji filinta da gine-ginenta. A can ne Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suka ƙi yarda a raba su da salon zanen gargajiyarsu. Sashen zane na Samaru a kan harsashinsu ya tashi.

Su wane ne fitattu a mulki da shari'a?

Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digirin farko a fannin koyar da kimiyyar sinadarai a 1975, ya dawo ya yi na biyu, ya koyar, ya mulki Katsina daga 1999 zuwa 2007, sannan ya shugabanci ƙasa har rasuwarsa ranar 5 ga Mayu, 2010. Ana tuna shi da bayyana kadarorinsa a fili da kuma afuwar da ya yi wa masu ɗauke da makamai a yankin Neja Delta a 2009. Mataimakan shugaban ƙasa biyu sun fito daga nan: Atiku Abubakar, da Namadi Sambo wanda ya karanci zanen gine-gine.

Sanusi Lamido Sanusi tattalin arziki ya karanta, ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014. Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na farko, shari'a ya karanta. Mohammed Barkindo ya zama babban sakataren OPEC daga 2016 zuwa 2022. A ɓangaren alƙalai, Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad duk sun zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, Zainab Bulkachuwa kuma ita ce mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga 2014 zuwa 2020. Ba 'yan Arewa kaɗai ba ne: Donald Duke, gwamnan Kuros Riba daga 1999 zuwa 2007, a Kongo ya koyi shari'a.

Sai dai jera sunayen masu muƙami ba ya nuna abin da jami'a ta yi wa jama'a. Muƙami na iya zuwa ta siyasa ko ta sa'a, kuma a cikin masu riƙe shi akwai wanda ya gyara, akwai wanda ya ɓata.

To ina ake ganin aikin da ya taɓa rayuwar talaka?

A gona aka fi ganinsa. Manomin da ya sayi irin masara mai suna SAMMAZ, ko wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, dawa SAMSORG, auduga SAMCOT, aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya saya, domin haruffa ukun farko daga sunan Samaru aka ɗebo su. Fitar da iri ɗaya kan ci shekaru: a haɗa iyaye, a zaɓi 'ya'ya damina bayan damina, a gwada a tashoshi daban-daban, a kai gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa ya amince a sake shi. Akasarin masu wannan aiki ɗaliban tsangayar noma ne da suka zauna a gida ba su tafi ko'ina ba. A ƙarshen 2019 ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ya fitar da SAMPEA 20-T, waken da ke jure tsutsar da ke huda fure da kwanso, wadda kan sa manomi ya yi feshi sau da yawa a damina guda. Ana muhawara a kan iri irin wannan da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawarar tana da amfani matuƙar an yi ta da hujja.

A Shika, cibiyar binciken dabbobi ta fitar da kazar ƙwai ShikaBrown wadda aka tsara don ta jure yanayinmu. Farfesa Andrew Nok, wanda ya yi karatunsa a sashen kimiyyar sinadaran jiki, ya shafe rayuwarsa yana bin diddigin ƙwayar cutar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009, ya kuma jagoranci cibiyar da Bankin Duniya ya tallafa don binciken cututtukan da aka yi watsi da su. Ya rasu a 2017. A cibiyar binciken makamashi kuwa, tun 2004 ake sarrafa ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, ta farko a ƙasar, ana auna abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci da ita.

A fagen tarihi, Yusufu Bala Usman ya tarbiyyantar da ɗalibai a kan kada su karɓi kowane labari, na Bature ne ko na fada, sai sun tambayi wa ya faɗa, yaushe, don me. Ya rasu a Satumba 2005, amma ɗalibansa suna cike da sassan tarihi na jami'o'in Arewa.

Wane alheri malaman da suka zo daga ƙasashen waje suka bari?

A shekarun farko yawancin malamai baƙi ne, har zuwa lokacin da Ishaya Audu, likitan yara kuma ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, ya dage wajen tura matasa ƙaro ilimi su dawo su karɓa. Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta turo malamai da suka taimaka aka kafa tsangayar likitancin dabbobi.

Asibitin koyarwa ya ga baƙi uku da duniya ta san su. Eldryd Parry da abokan aikinsa sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da ciwon zuciya a Zariya, suka danganta abin da haɗuwar kunun kanwa mai yawa, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta: gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. David Warrell ya yi bincike a kan saran kububuwa, kuma daga aikinsa aka samo gwajin da ƙananan asibitoci ke yi har gobe: a ɗebi jini kaɗan a sa a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, a karkata, in bai daskare ba dafin ya shiga jini, sai a ba da maganin dafi. Brian Greenwood ya yi kusan shekara goma yana fama da annobar sanƙarau kafin ya koma Gambiya.

David Norman, masanin tattalin arzikin noma, ya bi manoman ƙauyukan Zariya gona-gona, ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta rage asara da samun riba, ba rashin wayewa ba kamar yadda wasu malaman gona na lokacin suka ɗauka. Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, shi ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Steven Ehrlich ya zana dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa. Ba kowane baƙo ne ya tafi cikin daɗi ba: gwamnatin soja ta kori Patrick Wilmot, ɗan Jamaika mai koyar da ilimin zamantakewa, daga ƙasar a 1988.

Abin da ya haɗa waɗanda aikinsu ya ɗore shi ne sun daɗe, sun shiga ƙauye, sun horar da 'yan gida da suka gaje su.

Me ake nufi idan aka ce shugaban ƙasa shi ne Mai Ziyarar jami'a?

Matsayi ne na doka. Shugaban ƙasa ne babban mai sa ido a kan kowace jami'ar tarayya, kuma dokar jami'o'i da aka yi wa gyara a 2003 ta ce ya tura kwamitin ziyara aƙalla sau ɗaya a shekara biyar. Kwamitin yana duba kuɗi, ɗaukar ma'aikata, kwangiloli da zaman lafiyar jami'a, yana karɓar takardun koke da shawara daga kowa, har da tsofaffin ɗalibai, sannan gwamnati ta fitar da farar takarda, wato matsayarta a kan rahoton kwamitin. An sha wuce wa'adin ba a tura kowa ba, an kuma sha jinkirta farar takardar. Wannan na cikin abin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ke kuka a kai. Uban jami'a daban yake, matsayinsa na girmamawa ne, shi ke jagorantar bikin yaye ɗalibai. Oba Akenzua na Biyu na Benin da Obafemi Awolowo sun riƙe shi a ABU, Obin Onitsha Nnaemeka Achebe ya karɓa a 2015.

Digirin girmamawa sayensa ake yi?

Bai kamata ba. Ƙa'ida ita ce kwamiti ya tantance sunaye, majalisar malamai da majalisar gudanarwa su amince. Saboda yadda wasu jami'o'i suka mai da shi haja, shugabannin jami'o'in Najeriya suka yi matsayar Keffi a 2012, suka hana ba wa mai riƙe da muƙamin siyasa. ABU tana da zaɓin da za ta yi alfahari da shi: Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, a 1977, Nelson Mandela a 1985 yana kurkuku, Mamman Shata a 1988. Babu ɗayansu da ya kawo kuɗi. Mai kuɗin da ya yi wa jami'a hidima ta gaske shi ma ya cancanta, muddin hidimar ta riga digirin kuma ba sharaɗi aka yi ba.

Su wa suka ba da manyan gudummawa, kuma me aka yi da su?

Janar T. Y. Danjuma, wanda ya ɗan zauna a tsohuwar kwalejin Zariya kafin ya shiga soja, ya ba da sama da naira biliyan 2 a gangamin cikar jami'ar shekara 50. Gidauniyar Aliko Dangote ta gina rukunin ɗakunan kwana goma masu ɗaukar ɗalibai 2,160, aka miƙa su a 2019. A 2019 ɗin ne kuma aka buɗe cibiyar karatun gaba da digiri da Babban Bankin Najeriya ya gina. Shirin ASR Africa na Abdul Samad Rabiu ya ware wa jami'ar naira biliyan 1 a 2021. NLNG ya ba jami'o'i shida dala miliyan 2 kowace don ɗakin gwaje-gwajen injiniya, ABU na ciki.

Akwai tallafin da ba shi da allon suna a bango. Daga farkon shekarun 2000 gidauniyar MacArthur ta zaɓi jami'o'i huɗu, ABU, Bayero, Ibadan da Fatakwal, ta zuba kuɗi a intanet, ɗakin karatu da horar da ƙananan malamai har su yi digiri na uku. Gidauniyar Carnegie ma ta yi makamancin haka. A ganinmu irin wannan ne ya fi nisan tasiri, don malami ɗaya da aka horar zai yi shekara talatin yana koyarwa.

Gine-ginen TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, fa, kyauta ce?

Ba kyauta ba ce, haraji ne. A 1993 doka ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, ya koma 2.5, ya kai 3 a 2023. Kuɗin jama'a ne, kuma kowa na da ikon tambayar yadda aka kashe shi.

Ina so in gina wa jami'ar wani abu. Ta ina zan fara?

Fara da tambayar me ake bukata, kafin ka yanke abin da za ka gina. Ka zauna da shugaban sashe ko shugaban tsangayar da kake nufi, ka zaga da ƙafarka, ka shiga banɗaki da ɗakin gwaji, ka tambayi ɗalibai. Daga nan ka rubuta wa shugaban jami'a wasiƙa, za a haɗa ka da ofishin da ke kula da tsofaffin ɗalibai da masu gudummawa. Sashen tsare-tsaren gine-gine ne ke nuna fili bisa babbar taswirar jami'a, shi ke duba zane da ƙiyasin kayan aiki. Sa wa gini sunan mutum sai majalisar gudanarwa ta yarda.

Hanya biyu ce. Ko ka kawo ɗan kwangilarka ka gina ka miƙa makulli, ko ka ba da kuɗi jami'a ta gina. Ta farko ta fi sauri kuma kai ke riƙe da ingancin aiki. A ta biyu kuɗin zai shiga asusun jami'a, ya bi dokar ba da kwangila, abin da ke ɗaukar watanni, farashin siminti da rodi kuma ba ya jira. Ko wacce ka zaɓa, a rubuta yarjejeniya: me za a gina, wa zai sa ido, wa zai biya wuta da ruwa, wa zai yi gyara, wane rahoto za a riƙa ba ka. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum komai kusancinku. Kamfani ya nemi rasiti da wasiƙar karɓa, don dokar haraji ta yarda a cire irin wannan kyauta daga riba zuwa wani iyaka. Akantanka zai faɗa maka iyakar da ke aiki a shekarar.

Me ya sa wasu kyaututtukan ke lalacewa bayan 'yan shekaru?

Domin an yi lissafin gini ba a yi na riƙo ba. Wannan ita ce babbar matsalar gudummawa a jami'o'inmu gaba ɗaya. Ɗakin da aka zana wa mutum huɗu ko shida yakan ƙare da ninkin haka saboda ƙarancin gado, sai masai da famfo su fara gazawa, ramin bahaya ya cika kafin lokacinsa. Rijiyar burtsatse takan tsaya saboda famfon da ke cikinta ya ƙone da wutar da ke hawa da sauka, alhali ƙaramar na'urar kariya ta isa ta hana. Wutar sola takan mutu don batirin dalma ba ya wuce 'yan shekaru a zafinmu, ƙurar hunturu kuma tana rufe faifan in ba mai wankewa. Rufin kankare mai shafe yakan fara yoyo idan magudanarsa ta toshe da ganye.

Maganin shi ne a rage girman ginin a ware kason gyara tun farko. Wanda ke da kuɗin ɗaki ashirin gara ya gina goma sha bakwai, ya ajiye na ukun a asusun da zai riƙa biyan mai gyaran famfo, kwashe masai, fenti da canjin batir. Ya kuma riƙa leƙowa sau ɗaya a shekara ba tare da sanarwa ba. Ginin da aka san mai shi na zuwa dubawa ba a cika barinsa ya lalace ba.

Ina zaune a waje, ina da kayan gwaji da littattafai. In turo?

Kada ka ɗora komai a jirgi sai sashen ya ga jerin kayan ya amsa a rubuce cewa yana so. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, saurin bugunsu ma ya bambanta, don haka na'urar da aka yi wa Amurka tana bukatar taransifoma, mai injin juyawa a ciki kuma tana iya ƙin aiki daidai ko da shi. Ka tambayi kanka: ana samun sinadaran da take ci a Najeriya? Kamfanin yana da wakili a Legas ko Abuja? Har yanzu ana ƙera kayan gyaranta? Manhajarta na bukatar lasisin da ake sabuntawa da dala? Akwai ma'aikacin ɗakin gwaji da za a koya wa? Na'ura mai tsada takan zauna cikin akwatinta shekaru saboda amsar ɗaya daga cikin waɗannan a'a ce.

Takardar yafe harajin kwastan daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ake nemanta, da sunan jami'a, kafin kaya su taso. In suka iso tashar ruwa babu ita, kuɗin ajiya na kullum zai iya fin darajar kayan. Magunguna da sinadarai suna bukatar izinin NAFDAC, kuma wanda ya kusa ƙarewar wa'adi nauyi ne ba taimako ba. Littafin likitanci ko na kwamfuta da ya tsufa cin wuri kawai zai yi a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Biyan kuɗin mujallun bincike na intanet na shekara guda ya fi kwantena guda na irinsu.

Yaya ake kafa tallafin karatu da zai daɗe?

Ko dai ka riƙa biya duk shekara, ko ka ajiye jari a yi wakafi da shi ana cin ribarsa. Na biyun ne ke rayuwa bayan mai shi, amma hauhawar farashi ce abokiyar gabansa. A ɗauka, don misali, an ajiye naira miliyan 50 tana kawo kashi 15 cikin ɗari, wato miliyan 7.5 a shekara. In aka rabar da ribar duka alhali farashi na hawa da kashi 30, kamar yadda aka gani a 2024, cikin shekara uku jarin ba zai sayi rabin abin da yake saye ba. Don haka a raba wani kaso a mayar da saura cikin jari, ko a sa wakafin a gida ko shagunan haya da kuɗinsu ke bin farashi. Mai gudun kuɗin ruwa yana da Sukuk, takardun jari na tsarin Musulunci, na Gwamnatin Tarayya da aka fara fitarwa a 2017.

A rubuta sharuɗɗa dalla-dalla: wane sashe, wane aji, mafi ƙarancin maki bisa ma'aunin 5, yadda za a tabbatar da bukata, wa ke cikin kwamitin zaɓe. Kada sharaɗin ya yi ƙunci har a rasa wanda ya cika shi. A ɗaure biyan da zangon karatu, ba da watan kalanda ba, domin yajin aiki na rikita lissafi. Na 2022 ya kai wata takwas. Kuɗin ya isa kafin a rufe rajista, na makaranta ya tafi kai tsaye, na abinci ya shiga hannun ɗalibi wata-wata. Kuma a ɗauki ɗalibi har ya gama. Wanda aka tallafa wa a aji ɗaya aka sake shi a aji uku, an bar shi a tsakiyar kogi.

Zan iya ba da zakkata?

Ɗalibi matalauci ko wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, a ba shi ya mallaka. Gina aji ko sayen kayan gwaji kuwa, mafi yawan malamai ba su ɗauke shi wurin zakka ba. Wannan fagen sadaka mai gudana ne da wakafi. A raba asusun biyu, a kuma tuntuɓi malami.

Ni ba mai kuɗi ba ne. Me zan iya yi?

Da yawa. 'Yan aji ɗaya da suka haɗa kai sun fi attajiri guda saurin gyara sashensu, don sun san inda yake ciwo. Mutum ɗari da ke ba da naira dubu biyar a wata sun tara miliyan shida a shekara. Abin da ke rusa irin wannan tafiya sananne ne: asusu da sunan mutum ɗaya, rashin rahoto, da shigowar siyasa. A buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum uku, a fitar da bayanin shiga da fita duk wata uku, a ɗauki aiki ɗaya a gama kafin a taɓa wani.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ba. Ɗaliban injiniya, noma da kimiyya suna yawo neman gurbin koyon aiki na wata shida. Wanda ke da kamfani ko ofis ya karɓi biyu duk shekara. Lauya ko akanta ko likita ya zo ya yi awa biyu da 'yan ajin ƙarshe a kan yadda aikin yake a zahiri. Mai gona ya ba masu bincike kadada guda su gwada iri.

Me ke jinkirta takardar cikakken sakamako?

Ana nema ta shafin jami'a, a biya ta Remita, manhajar biyan kuɗi, a ba da lambar rajista, sashe, shekarar shiga da ta gamawa, da adireshin inda za a aika. Ta hukuma ba a ba mutum a hannu, daga jami'a zuwa makarantar ko hukumar da ta nema take tafiya. Jinkiri yawanci daga abu uku yake: sakamakon tsofaffin shekaru yana kan takarda a sashe sai an nemo an shigar, sunan da ke fasfo ya saɓa da na rajista, ko makin darasin da aka maimaita bai shiga babban kundi ba. Mai neman gurbi a waje ya fara watanni kafin wa'adi, ya tanadi takardar rantsuwar kotu in sunansa ya canza, ya kuma guji 'yan tsakiya, don takardar bogi in aka gano ta tana jawo soke gurbin gaba ɗaya. Biyan kuɗin shigar da tsofaffin sakamakon sashe cikin kwamfuta na cikin ayyuka mafi amfani da 'yan aji za su iya ɗauka.

Malami ko mai bincike daga waje, yaya zai zo?

Sai da mai masauki, wato sashe ko cibiya da za ta nema masa wasiƙar gayyata daga hukumar jami'a. Da ita ake neman bizar da ta dace; bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, mai dogon zama kuma sai ya yi katin zama na hukumar shige da fice. Ana bukatar katin rigakafin shawara. 'Yan Afirka da ke koyarwa a Amurka da Kanada suna da shirin Carnegie na 'yan ƙetare, mai ɗaukar nauyin zaman kwana 14 zuwa 90, kuma sashen da ke gida ne ke rubuta bukatar. Binciken da ya shafi mutane ko dabbobi sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, fitar da jini ko iri ko ƙasa zuwa waje kuma sai da yarjejeniya a rubuce. A daidaita tun farko wa zai sa suna a kan abin da za a wallafa, don nan ne zumunci ya fi ɓaci. Ana sauka a Kano ko Abuja; daga Abuja akwai jirgin ƙasa zuwa Rigasa a Kaduna, daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80. A yi tafiya da rana, a bi shawarar mai masauki.

Mahaifinmu ya rasu ya bar takardu da littattafan Ajami da na Larabci. Jami'a na karɓa?

Gidan Arewa a Kaduna da sashen adana rubuce-rubuce na tarihi a Samaru don haka aka kafa su. Kafin ku kai, kada ku jera su bisa son ranku. Yadda mai su ya tara su bayani ne ga mai bincike. Kada a liƙa salatif a yagaggen shafi, kada a rufe shi da leda mai zafi, kada a sa a jakar leda inda gumi zai kawo ruma. A ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a sa a kwali a ɗaki busasshe. Magada su amince a rubuce ko kyauta ce ko ajiya, a ƙidaya takardun a gaban shaidu, kowane ɓangare ya riƙe jerin. Wasiƙun da suka shafi mutanen da ke raye ana iya sharɗanta kada a buɗe su sai bayan wasu shekaru. Iyalin da ba sa son rabuwa da na asali suna iya yarda a ɗauki hoton kowane shafi a mayar musu da kayansu, su kuma karɓi kwafin hotunan.